Karkataccen Ɗakina na Wuro Jamus

Bitrus, Ladi, da ku sauran, har da jikokin nan masu faɗo mini gida ba sallama, ku zauna in gaya muku yadda aka kafa garin nan, don na gaji da jin shirme. Kwanan baya 'yar Ladi ta dawo daga makaranta tana gaya mini wai malaminsu ya ce sojojin Jamus ne suka kafa Wuro Jamus, da bindigogi da dawakai. Na ce mata, ke, koma ki gaya wa malamin naku akwai wata tsohuwa a bayan coci da aka yi abin a gabanta. Sojojin Jamus an yi su, ba ƙarya ba ne, amma wannan tun zamanin kakannin kakanninku ne, kuma can cikin Mubi suka zauna. Jamusawanmu mutum biyu ne rak, miji da mata, sai wani kare mai faɗin kunne. Ba bindiga, ba doki. Shi mijin, igiya ya zo da ita, matar kuma irin kabeji. Kai kuma Bitrus, da kake ta zagaye karkataccen ɗakin nan nawa kana auna shi da ido, kana cewa a rushe a yi shaguna tunda titi ya biyo ta gabansa, kai na fi so ka buɗe kunne.

A kan dutse aka haife ni, a kan dutse aka yi mini aure, can sama da Muchalla inda yanzu ko ɗan acaɓa ba ya yarda ya kai mutum. Gidan kakanku Baba Tumba na shiga, mahaifin babanku Yohanna. Wurin yana da kyau, ba zan ɓata shi ba. Iska mai daɗi, dawa tana yi a kan gandun duwatsu, awaki suna ƙiba. Abu ɗaya ne babu, shi ne ruwa. Da rani ya yi nisa sai mu sauko har gindin dutse mu tona yashin mayo, wato rafi, mu cika tulu mu hau da shi a ka. Ku da kuke murɗa famfo kuna tsaki don ruwa bai zo da ƙarfi ba, ban san yadda zan kwatanta muku ba. A kan hanyar nan na zame da tulu ina da cikin fari, tulun ya fashe, cikin ma ya tafi. Ban yi surutu a kai ba, amma daga ranar na tsani hanyar nan har cikin raina.

Shekarar da nake da cikin Ladi sai labari ya hau dutse cewa wani Bature da matarsa sun baro ƙasarsu ɗungurungum, sun roƙi fili a wajen jauro, wato mai gari, sun kafa tanti a ƙasa kusa da mayo, kuma Baturen yana haƙa rijiya. Aka ce ya ce duk mai so ya zo ya yi gida kusa da rijiyar, fili kyauta ne. Ranar kasuwar Mubi na ratse na leƙa. Na tarar da wani dogon mutum ja jawur, rana ta gasa shi, ya fito daga rami duk jikinsa laka, ya miƙo mini ruwa a kofi. Ruwa garau, a tsakiyar rani, ba hawa ba sauka. Na sha, na ƙara, na koma gida ban ko sayi gishirin da aka aike ni ba.

Daga ranar babanku bai sake samun sukuni ba. In ya zauna cin tuwo, rijiya. In ya ɗauki fartanya, rijiya. Mutum ne mai sanyi, kun dai san shi, ba ya son ja-in-ja da kowa balle da mahaifinsa. Amma ni ma kun san ni. Da ya ga ba zan bari ba, ya je ya durƙusa gaban Baba Tumba ya faɗa. Ni ina bayan rumbu ina tsince wake, kunnena duk yana wajensu.

Baba Tumba shi ne gwanin jinka na dutsen nan kaf. Ba a ɗora rufin ciyawa a kan ɗaki sai ya zo ya duba ɗaurin, kuma samari ba sa fita gayyar ɗaga jinka sai da izininsa. Ga shi da zuciya. Ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Wannan ba maganarka ba ce, Yohanna. Maganar mai tsince waken can ce. Ubana ya ɗauki duwatsu a ka ya kai wa Jamus a Mubi, da bulala suka biya shi. Yau kai za ka sauka da ƙafarka ka zauna a gindinsu?"

"Baba, wannan ba soja ba ne. Rijiya yake haƙawa."

"To, ku je. Amma ku ji sharaɗina. In ruwan farko ya sauka ya same ku a ƙarƙashin rufinku, naku na kanku, ba na aro ba, shi ke nan, kun zama mutanen ƙasa. In ya same ku a fili, ku kwaso tsummokaranku ku hawo, kuma kada in sake jin kalmar rijiya a gidan nan har in mutu. Ni kuwa ƙafata ba za ta taka wurin ba, kuma ba yaron da zan aika muku."

Babanku ya amsa, ya rantse a gaban iyayensa. Ni kuwa na ce a raina, jinka ɗaya? Ai ko ni kaɗai na yi ta. Surukata, Kaka Masi, ta raka mu har bakin gangara, ta ɗora mini ƙullin daddawa a kan kayana, ta ce in riƙa taka ƙasa a hankali.

Mu 'yan gidaje kaɗan ne muka fara sauka, duk matasa, yawanci waɗanda matansu suka gaji da tulu. Akwai kuma wani Bafulatani, Buba, da ya matso da shanunsa saboda ruwan, shi ne ma ya fara kiran wurin Wuro Jamus, wato garin Jamus da Fulatanci, sunan ya bi gari. Baturen yana da suna, amma harshenmu ya kasa juya shi, sai muka sa masa Mai Igiya, don ko bayan gida zai gina sai ya kafa turaku ya ja igiya. Matar kuma Madam kawai muke ce mata. Mace ce gajera mai dariya, ta koyi Hausa kafin shi, har tana tsokanata wai cikina ya riga ni shiga ko'ina. Ta yi lambu a bakin rijiya, tana yanka kabeji ta danna a tulu da gishiri har ya yi tsami, wai abinci ne. Ranar da ta fara ba ni na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na zagaya baya na ba karensu. Karen ma ya sunsuna ya yi tafiyarsa.

Mai Igiya mutumin kirki ne, amma Allah ya ɗora masa son miƙaƙƙen abu. Ya ce garin nan a layi za a yi shi, kowane ɗaki mai kusurwa huɗu, ƙofofi duk su dubi hanya ɗaya, kamar yadda ake yi a garinsu. Mu kuwa tun da aka halicce mu ɗaki zagayayye muka sani. Amma mai rijiya ya faɗa, wa zai musa? Ya koya wa mazan buga tubalin laka a cikin akwatin katako, ya ja igiyarsa, bango ya tashi tsaf. Har na riƙa tsayawa ina kallon nawa ina jin daɗi, ina cewa ni ma na zama matar birni.

Da bango ya kai, sai ya ce wa mazan da 'yar Hausarsa, "Yanzu rufi. Ku yi rufi, ku kun iya." Ya koma cikin ramin rijiya ta biyu da yake haƙa wa shanun Buba. Shi a tunaninsa za su hau kan bangon su jera itace su baibaye a can sama. Su kuma mazan suka yi abin da iyayensu ke yi: suka tafi can gindin tsamiya a bakin mayo inda gora da ciyawa suke, suka zana da'ira a ƙasa, suka ɗaure jinka zagayayya mai tsini, don in an gama a taru a ɗauko a kife a kan ɗaki. Ba wanda ya tambayi wani. Ni da kaina nake kai musu kunu, in wuce bango mai kusurwa huɗu, in je in zauna ina yaba jinka zagayayya, ban taɓa haɗa su a kaina ba. Kada ku yi dariya tukuna, da saura.

Ranar ɗagawa aka fara da tamu, saboda cikina da kuma rantsuwar babanku. Madam ta sa riga mai fure, Buba ya zo da ƙwaryar nono, mata muna guɗa. Maza suka shiga ƙarƙashin jinka suka ɗauko ta da waƙa, suka ɗaga, suka ɗora. Sai waƙar ta mutu. Jinka ta zauna a tsakiya, kusurwa huɗu duk suna waje suna kallon sama, ita kuma ta karkace gefe guda kamar hular mashayi. Aka juya ta, haka. Aka sake juyawa, haka. Mai Igiya ya fito daga rami ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Me ya sa rufi zagaye?" ya ce.

Babanku ya ce, "To, Maigida, rufi ai zagaye ne. Me ya sa ɗaki kusurwa?"

Buba ya fara dariya har nono na zuba, kowa ya kama, Madam ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Ni ma na yi, amma tawa ba ta yi nisa ba, don na tuna abin da ke gabana. Rani ya ƙare. An riga an ƙone daji, ciyawar baibaya ko ta magani babu, wadda muka tara duk tana jikin jinkunan nan, kuma in aka kwance ta karyewa za ta yi. Sauran gidajen ba ruwansu, Mai Igiya ya ce su fake a ɗakin ajiyarsa mai kwano har kaka. Mu ma ya ce mu shigo. Babanku ya girgiza kai, ya ce rufin aro ne, kuma shi ya rantse. Na ce wa zai gaya wa Baba? Ya dube ni ya ce, "Rifkatu, ni zan gaya masa." Ranar na ji kamar in shaƙe shi, kuma ranar na ƙara sanin irin mijin da na aura.

Aka sauke jinka aka ajiye a gefe. Kwanaki suka yi ta tafiya ana gwaje-gwaje. Mai Igiya ya zana wani abu a ƙasa da tsinke, ya ce a ƙara itace nan da nan, aka ƙara, jinka ta ƙi. Na ce a fasa kusurwoyin mana, ya ce a'a, a'a, layi zai lalace. Zafi ya tsananta, irin wanda ke zuwa gab da damina, kwaɗi suka fara kuka a mayo. Ni kuwa in na ɗaga kai sai in ga dutsen nan. Ina ganin hanyar, ina ganin inda tuluna ya fashe, ga wani cikin a jikina. Tsoro nake ji ƙwarai, ba na ɓoye muku.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, sama tas ba ko gajimare, ina wanke-wanke a bakin rijiya sai kare ya hau haushi. Na waiga. Ga Baba Tumba yana saukowa da sandarsa, wuƙar yankan igiya a ɗamara, bayansa kuma samarin dutse ne zuga guda, wasu da itatuwa masu baki biyu a kafaɗa, wasu da zana a naɗe. Mutumin da ya ce ƙafarsa ba za ta taka wurin ba! Na durƙusa na gaishe shi, ko kallona bai yi ba. Ya wuce ya zagaya ɗakin, ya zagaya jinka, ya ja ɗaurin da yatsa, ya yi tsaki.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Babanku ya ce shi ne.

"Ɗaurin ba laifi. Kan ne babu. An gaya mini ɗana ya saƙa wa akwati hula, mutane suna ta dariya har can garin Digil, na ce sai na gani da idona. Ba don ku na zo ba, sunana na zo wankewa. Ke, matar Yohanna, ba ni taɓarya."

Na kawo. Ya nufi kusurwar farko zai buga, sai ga Mai Igiya ya taho da gudu ya tsaya a gaban bangon ya baza hannuwa. Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Wannan yana zuba yarenmu na dutse, wancan yana zuba Jamusanci, ba mai jin wani, kowa jijiyar wuyansa ta tashi. Baba yana zana da'ira a iska da taɓarya, Mai Igiya yana nuna layinsa yana sara hannu. Samari suka ja baya, don ba wanda ya taɓa ganin an tare wa Baba Tumba hanya. Madam ce ta raba. Ta shiga tanti ta fito da babbar gudumar mijinta, ta ratsa ta gabansa, ta miƙa wa Baba da hannu biyu kamar yadda ta ga muna yi.

"Baba, wannan ta fi taɓarya," ta ce. Ta juya wajen mijin ta faɗa masa wata gajeriyar magana da yarensu, ta nuna cikina.

Mai Igiya ya dubi cikin, ya dubi layinsa, ya sauke hannu. Da Baba ya gaji da bugu, shi ya karɓi gudumar ya ƙarasa kusurwa ta ƙarshe da kansa, yana yi yana rufe ido. Aka kafa itatuwan nan a inda kusurwoyin suke, aka toshe da zana, daga baya ne muka shafe da laka. Baba ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, yana zagin kowa, har Bature ya samu rabonsa. Yana ta cewa a yi sauri, a yi sauri, mu kuwa muna mamakin saurin me, ga rana tsaka tana dukan mutane. Aka ɗauko jinka da waƙa, aka ɗora, ta zauna daram. Ɗakin ya fito ba zagayayye ba, ba mai kusurwa ba, wani abu dai kamar ƙwai. Ba a taɓa gina mummunan ɗaki irinsa ba a ƙasar Mubi, kuma ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamarsa ba.

Ana cikin ɗaure ƙarshe, da la'asar, iska ta juya. Hadari ya taso ta bayan dutse baƙi ƙirin, kafin mu kwashe shanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka dunguma cikin ɗakin, ni da babanku da Baba da Jamusawan biyu da kare. Baba ya zauna a kan turmi ya kafa wa rufin ido, yana jiran ɗigo. Ko ɗaya. Madam ta fita a guje ta dawo jiƙe sharkaf da kwanon kabejinta mai tsami, ta ajiye masa. Ya sunsuna, ya dube ni.

"Wannan kuma gawar mene ne?"

Na ce abincin garinsu ne, Baba. Ya ɗan ɗanɗana don kunya, ya yamutsa fuska, ya ce a gaya mata in an kai mata daddawa ita ma ta daure ta ci, a yi canjaras. Da aka ɗauke ruwa ya miƙe, ya sha ruwan rijiya ya ce ba shi da ɗanɗano, amma ya sa aka cika masa gora. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Ruwa ya same ku a ƙarƙashin rufinku. Na faɗa, na kuma cika." Ya kama hanya da samarinsa.

Kada ku ɗauka abin ya zo kyauta. Gonakin dutse da ya kamata su zama na babanku, ƙaninsa aka ba, don wanda ya sauka ya sauka. Baba Tumba bai sake taka garin nan ba har ya rasu, ko sunan Ladi bai zo ba, mu muka hau da ita. Babanku ya yi kewar mahaifinsa ƙwarai, sau da yawa nakan gan shi da yamma ya zauna yana kallon dutse, in na yi magana ya ce hadari yake dubawa. Na san saboda ni ya rabu da gida, kuma na gode masa tun yana da rai. Garin kuwa ya ci gaba. Sauran ɗakunan Mai Igiya ya koyi yi musu rufin da ya dace, layinsa ya miƙe, nawa ne kaɗai ya fita daban. Shi da Madam sun tsufa a nan, kun san inda kabarinsu yake a bayan lambu.

Bayan rasuwar Baba, Kaka Masi ta sauko ta zauna da mu, a cikin ɗakin nan ta ƙarasa kwanakinta. Wata rana muna ɓarar gyaɗa na ce mata, ni dai na yi sa'a, da surutun mutane bai kai kunnen Baba ranar nan ba, da yanzu ina kan dutse da tulu. Ta ajiye gyaɗar ta dube ni.

"Wane surutu? Ke yarinya ce har yanzu. Labarin jinkarku ai ya daɗe da jinsa, ya yi dariyarsa ya gama. A kan dutse ana hango ruwa tun yana ƙasar Kamaru, ku na ƙasa ba ku ganin komai. Da sassafe ya hau saman dutse ya dawo, ya ce mini yau za a yi ruwa. Na ce to, ka ci nasara, yaranka za su dawo gida. Can ya ce, yarinyar nan ba za ta sake hawa da tulu ba. Ya ɗauki wuƙarsa."

Na kasa ɓarar gyaɗar. Mutumin da ko sunana bai taɓa kira ba, abin da kawai zai yi ya samu ɗansa shi ne ya zauna a gida har la'asar.

To, Bitrus, ka ji. Mai Igiya ya ba garin nan ruwa da layi, Madam ta ba shi lambu, Buba ya ba shi suna, duk Allah ya saka musu. Amma ɗakin da aka fara kwana a cikinsa kakanka ne ya rufa shi, da hannunsa ya kayar da kansa. Ka yi shagunanka a gefe, fili bai ƙare ba. In jinkar ta tsufa a sake baibaye ta, kamar yadda babanka ya riƙa yi. Kuma duk wanda ya tsaya a titi ya tambaye ka me ya sa ɗakin nan ya karkace, kada ka ji kunya, ka ba shi kujera ka gaya masa.